Masassara Ta Sauka, Ƙarfi Bai Dawo Ba: Amsoshin Wasiƙunku

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a Argungu. Maigidana manomin shinkafa ne, shekararsa 41, mutum ne da a da yake wuni a fadama yana ban-ruwa bai ce ya gaji ba. Cikin hunturun da ya wuce ya yi masassara mai zafi da mura da ciwon maƙogwaro, ya kwanta kusan mako biyu. Masassarar ta sauka, amma yau wata bakwai ke nan bai koma yadda yake ba. In ya yi aikin awa biyu, washegari ba ya iya tashi, kamar an lakaɗa masa duka. Yana yawan mantuwa, barci ba ya wartsake shi, in ya miƙe tsaye zuciyarsa ta kama bugawa. Sau huɗu ana ce mana taifot ne, an yi allurai, an yi ƙarin ruwa. A gwajin ƙarshe an ce ba a ga komai ba. Yanzu 'yan'uwansa sun rabu biyu, wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce son jiki ne. Wani mai kemis ya ba shi ƙananan ƙwayoyi masu sa cin abinci, har fuskarsa ta cika. Likita, me ke damunsa?
*Wata mai karatu, Argungu*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri kan wannan doguwar jinya.

Zan fara da maganar son jiki, don ita ta fi ci mini rai. Mutumin da ya saba shiga fadama tun asuba, ya tayar da inji, ya ja tiyo, ya yi dashe cikin laka har la'asar, ba ya wayar gari haka kawai ya zama malalaci. Yana zaune yana kallon damina tana wucewa, gonar maƙwabci ta yi kore shar, tasa tana jiran ɗan ƙwadago. Wannan kaɗai ya ishe shi azaba, ba sai an ƙara masa da gori ba. Abin da kika zayyana sananne ne a likitance, kuma yakan biyo bayan zazzaɓin da ƙwayoyin bairos ke kawowa. Alamar da ta fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki ita ce aikin yau ya kayar da shi gobe. Gajiyar da muka sani barci ke maganinta. Wannan kuwa takan jira awa 12 zuwa kwana biyu bayan aikin kafin ta kwantar da mutum, ta kuma riƙe shi kwanaki.

A yankin Dubbo na ƙasar Ostireliya likitoci sun bibiyi mutum 253 da suka kamu da ɗaya daga cikin wasu cututtuka uku masu sa zazzaɓi, aka wallafa sakamakon a 2006. Bayan wata shida, kashi 12 cikin ɗari ba su warware ba: gajiya, ciwon jiki, rikicewar tunani. Abin da ya raba su da waɗanda suka tashi da wuri shi ne tsananin ciwon farko, ba halin mutum ko raunin zuciyarsa ba. Annobar korona ce ta fito da lamarin fili, saboda miliyoyi sun kamu lokaci guda. A watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace abin da ake kira doguwar korona: alamomin da ke tare da mutum wata uku bayan ya kamu, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma babu wata cutar da za a jingina su gare ta. Mu nan ba kowa ya yi gwajin korona ba, da yawa sun sha ta ne da sunan mura mai zafi, kuma ƙwayar tana nan tana yawo har yanzu.

To me ke hana jiki komawa daidai bayan masassara ta sauka? Ke 'yar Argungu ce, kin san gaiwa. In ruwa ya janye sai ta shige cikin laka ta naɗe, ta yi watanni ba motsi, mai wucewa ya taka wurin ya ɗauka busasshiyar ƙasa ce. Ruwa na dawowa ta fito da ranta. Akwai wasu dangin bairos da ake kira harfis, haka suke yi a jikinmu. Aƙalla takwas daga cikinsu ke kama ɗan Adam, kuma wanda duk ya shiga jiki ba ya fita. Na ƙarambau yakan kwanta a gindin jijiyoyi kusa da ƙashin baya. Wani mai suna Epstein-Barr yakan ɓuya ne cikin wasu fararen ƙwayoyin jini.

Shi wannan na biyun daga nahiyarmu aka gano shi. A 1958 wani likitan tiyata, Denis Burkitt, da ke aiki a Yuganda ya yi rubutu kan wani daji da ke kumbura muƙamuƙin yara. Daga naman da aka riƙa aikawa Landan ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga ƙwayar a 1964. Yanzu an san fiye da kashi 90 cikin ɗari na manya a duniya suna ɗauke da ita. Ta yawu take wucewa, shi ya sa yaranmu ke ɗaukarta tun suna ƙanana, a moɗa ɗaya da cokali ɗaya, yawanci ba tare da an ma lura sun yi ciwo ba. Ni da ke da maigida, kusan tabbas dukanmu muna da ita. Garkuwar jiki ce ke tsaronta dare da rana. Ranar da garkuwar ta shagala da wani babban yaƙi, ko ta yi rauni saboda tsufa, yunwa, rashin barci, fargaba mai tsawo, ciwon suga, ƙanjamau ko wasu magunguna, sai mai barci ya motsa.

A 2022 masu bincike a birnin Seattle na Amurka suka ga cewa masu korona da aka samu Epstein-Barr ta farka a jininsu tun farkon ciwo sun fi fama da alamomin da suka ƙi tafiya. A 2023 wani ayari da Farfesa Akiko Iwasaki ta Jami'ar Yale ke cikin jagorancinsa ya samu cewa garkuwar masu doguwar korona tana nuna ƙarin alamun artabu da wannan ƙwaya, kuma sinadarin kotisol, wanda ke taimakon mutum ya tashi da kuzari da safe, ya yi ƙasa a jininsu. Kin ga ashe akwai abin gani a jinin irin waɗannan majinyata. Gwaje-gwajen da muke yi yau da kullum ne ba a ƙera su don ganinsa ba. In an ce miki ba a ga komai ba, ma'anarsa abin da aka nema ne ba a gani ba.

Wani lokaci kuma sabuwar ƙwayar ce da kanta ke maƙalewa a lungun da garkuwa ba ta kaiwa sosai. Pauline Cafferkey, ma'aikaciyar jinya 'yar Birtaniya, ta kamu da Ebola a Saliyo a ƙarshen 2014, ta warke aka sallame ta, sai a watan Oktoban 2015 ƙwayar ta taso mata da sanƙarau. Ebolar da ta ɓarke a ƙasar Gini a 2021, da aka binciki ƙwayar sai aka ga jikanyar waccan ce ta babbar annobar da ta ƙare a 2016, wato ta yi shekaru kwance a jikin wani da ya tsira. Akwai kuma inda ƙwaya ta tafi amma ta bar ɓarna: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira daga zazzaɓin Lassa suna samun matsalar ji, masu shan inna kuma sabon rauni kan zo musu shekara 15 zuwa 40 bayan ciwon yarinta.

Yanzu abin yi. Kafin a tsayar da magana cewa wannan gajiyar bayan bairos ce, dole a kawar da cututtukan da ke kama da ita, domin su suna da magani a hannu. Ku je babban asibiti, nan Argungu ko Birnin Kebbi, ku tsaya ga likita guda wanda zai riƙe katinsa ya bi shi, maimakon yau nan gobe can. A auna yawan jininsa. A duba suga, ƙoda, hanta har da gwajin ciwon hanta nau'in B, da ƙanjamau. Tunda mutumin fadama ne mai wuni cikin ruwa, a duba fitsari da bahaya saboda tsargiya da tsutsar ciki, su biyun suna shanye jini a hankali. In akwai tari da ya wuce mako biyu, ko zufar dare, ko rama, a gwada majina saboda tarin fuka. Gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Bugun zuciyar nan ke ma za ki iya auna shi a gida: ya kwanta minti biyar ki ƙirga bugun hannunsa na minti ɗaya, ya miƙe tsaye ki sake ƙirgawa sau biyu ko uku cikin minti goma. In ya ƙaru da 30 ko fiye ya kuma tsaya a haka, ki rubuta ki kai wa likita. In kuwa ƙafa ta kumbura, ko numfashi ya riƙa sarƙewa, ko ido ya yi rawaya, kada ku kwana ba ku je ba.

Taifot sau huɗu cikin wata bakwai, ban yarda ba. Gwajin Widal da ake dogara da shi tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma a wuri irin namu inda kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar taifot ko danginta, yakan nuna akwai alhali babu. Shuka jini a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro shi ne gwajin da ake kafa hujja da shi. Allurai da kafson da ake ta ɗura masa ƙwayoyin bakteriya irin ta taifot suke kashewa, ba ruwansu da bairos. Kuɗin taki ne kawai ke tafiya.

Ƙananan ƙwayoyin nan su suka fi tayar mini da hankali. Ƙwaya mai buɗe ciki ta kuma cika fuska, ina zargin irin su deksametason ko firednisolon ce, waɗanda ake haɗawa a sha-ka-fashe. Aikinsu danne garkuwar jiki ne. Wato mai gadin da ke hana masu barci tashi shi ake ɗaurewa. Suna iya tayar da ƙwayar ƙarambau, su tayar da ciwon hanta nau'in B, su tayar da tarin fuka, su hau da suga da hawan jini, su kuma narkar da naman cinya har mutum ya ƙara kasala. Cikar fuskar ba ƙiba ce ta lafiya ba. Amma ki ji ni da kyau: in ya yi makonni yana sha, kada ya yanke rana ɗaya, domin jiki ya rage yin nasa kotisol ɗin, yankewar gaggawa tana iya jefa shi cikin haɗari. Ki ɗauki kwalin ko sauran ƙwayoyin ki kai wa likita ya tsara yadda za a rage su sannu a hankali.

In gwaje-gwaje sun fito lafiya, babban magani shi ne auna ƙarfi. A da likitoci kan ce wa irin waɗannan majinyata su riƙa ƙara motsa jiki kowane mako ko da suna jin jiki. A 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye wannan shawara, bayan majinyata da yawa sun ba da shaidar cewa ƙara musu ciwo take yi. Ku nemo iyakarsa. In aikin awa biyu ke kayar da shi, ya yi na minti 40 ya zauna tun bai ji gajiya ba, ya huta, in da hali ya ƙara kaɗan da yamma. Ranar da ya tashi garau ita ce mai haɗari, don ranar ce zai ce bari ya rama abin da ya wuce. Ki ajiye ɗan littafi irin na 'yan ajinki, ki riƙa rubuta abin da ya yi da yadda ya tashi washegari. Cikin makonni kaɗan za ku ga inda iyakar take, sannan a riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan in jiki ya yarda. Ya sha ruwa sosai, ya riƙa miƙewa a hankali, ya ci wake da kifi da ganye. Tsayuwar salla in tana sa shi jiri ya yi a zaune, shari'a ta ba shi wannan sauƙi. Bana ya zama mai sa ido a gona, ƙannensa su riƙe fartanya.

Masu cewa sammu ne, ban ce a bar addu'a ba, ni ma ina yi wa majinyatana. Abin da nake roƙo kada a ba shi jiƙe-jiƙen da ke sa amai da gudawa da sunan fitar da abu, jikin da ke lallaɓawa ba zai ɗauka ba, ƙoda da hanta ne ke biya. Kada kuma wani ya karɓi kuɗinku da sunan gwajin Epstein-Barr, tunda kusan kowa aka gwada za a ga ya taɓa kamuwa, ba zai sauya jinyar ba. A wancan bincike na Dubbo adadin masu fama ya yi ta raguwa wata bayan wata, kuma yawancin masu irin wannan gajiya suna samun sauƙi da tafiyar lokaci. Ki karanta wa 'yan'uwan nasa wannan amsa in kin ga zai yi amfani.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Jega, shekarata 67. Wata huɗu da suka wuce wasu ƙuraje masu ruwa suka fito mini a haƙarƙarin hagu, suka zagayo daga baya zuwa ƙirji, ba su tsallaka dama ba. Aka ce gizo-gizo ne ya yi mini fitsari. Ƙurajen sun bushe amma wurin yana ci kamar wuta, ko riga ta taɓa sai na yi salati. Shin zan warke? Kuma zan iya shafa wa jikokina?
*Wani mai karatu, Jega*

Amsa: Barka kadai, Baba Alhaji. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne.

Ba gizo-gizo ba ne. Ƙarambaun da ka yi kana yaro ne ya dawo, bayan ya yi wajen shekara 60 kwance a gindin wata jijiya. Da ya farka sai ya bi wannan jijiya guda har zuwa fata, shi ya sa ƙurajen suka tsaya gefe ɗaya: kowace jijiya rabin jiki take zagayawa, daga ƙashin baya zuwa tsakiyar ƙirji. A ƙididdigar Amurka mutum ɗaya cikin uku zai yi wannan ciwo a rayuwarsa, kuma kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari na waɗanda suka yi shi zafin kan zauna musu bayan fata ta warke. Yawan shekaru na ƙara yiwuwar haka.

Zafin da kake ji yanzu daga jijiyar ne da ƙwayar ta ƙona. Shi ya sa Panadol da magungunan ciwon jiki ba sa yi masa komai, kuma ina roƙonka kada ka yi ta shan irin su diklofenak, a shekarunka suna cin ciki da ƙoda. Akwai magungunan da aka tanada don zafin jijiya, irin su amitiriftilin da gabafentin. Likita ne zai fara maka da kaɗan da dare ya riƙa ƙarawa, saboda suna sa jiri da barci, dattijo kuma ba a so ya faɗi. Sukan ɗauki makonni kafin a ji daɗinsu, kada ka yar da su a kwana uku. Ka sa riga ta auduga mai faɗi, ka ɗora tsumma mai sanyi in ya taso. Ga mafi yawan mutane zafin yana ja da baya cikin watanni. A duba maka suga, don yakan ɓuya a bayan wannan ciwo.

Jikoki ka ɗauke su hankali kwance. Ruwan ƙurajen ne ke ɗauke da ƙwayar, da zarar sun bushe sun yi ɓawo shi ke nan. Ko a lokacin da suke ɗanye, abin da za su ba yaron da bai taɓa yi ba shi ne ƙarambau, shi ya sa ake rufe wurin, a kuma nisanci mai ciki da jariri.

Ga sauran masu karatu: akwai maganin da ke rage wannan ciwo, asiklobir, amma cikin awa 72 da fitowar ƙurajen ya fi aiki. Da yawa sai sun ɓata mako suna shafe-shafe kafin su zo mana. In ƙurajen a goshi ne ko kan hanci ko kusa da ido, ranar za a je asibiti, domin yana iya makantarwa. Matashi kuwa in ya yi wannan ciwo, ko wanda ya fito masa a wuri fiye da ɗaya, ya yi gwajin ƙanjamau ba tare da jin kunya ba, sau da yawa wannan ciwo ne alamarta ta farko, maganin ƙanjamau kuma kyauta ne.

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a Zuru. Duk lokacin da na yi maleriya sai ƙuraje su fito mini a leɓe. Innata ta ce alamar zazzaɓin ya fita ne. Gaskiya ne?
*Wata mai karatu, Zuru*

Amsa: Ƙanwata, Inna ta lura daidai cewa tare da zazzaɓi suke zuwa, amma ba shaidar warkewa ba ne. Wata ƙwaya ce daga dangin harfis ke kawo su, wadda kusan kashi biyu cikin uku na mutanen duniya 'yan ƙasa da shekara 50 ke ɗauke da ita. Tana kwance a jijiyar fuska, zazzaɓi ko zafin rana ko al'ada ko fargabar jarrabawa su tashe ta. Don haka ki shanye maganin maleriyarki har ƙarshe ko da ƙurajen sun fito. Su da kansu za su bushe cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Kada ki fasa su, kada ki taɓa su sannan ki taɓa ido, kada ki ba wata man leɓenki ko kofinki. In suna yawan dawowa ko suna daɗewa, ki ga likita. Abin da na fi so ki riƙe shi ne jarirai: ga jaririn da bai kai wata guda ba wannan ƙwaya tana iya shiga ƙwaƙwalwa ta yi kisa. In kin je barka ko suna da ƙurji a leɓe, ki wanke hannu kafin ki karɓi jariri, kuma kada ki sumbace shi.